Tambaya da Amsa: An kafa turaku a gonarmu ta gado

Tambaya: Daga Riko nake, cikin ƙaramar hukumar Jibiya. Da ranin nan wasu mutane suka zo da igiyar awo da jan fenti, suka kafa turakun siminti huɗu a gonarmu ta gado. Suka ce hukuma ta ware wurin don gina makaranta nan gaba, kada mu yi gini, kada mu sayar. Ko guntuwar takarda ba su bar mana ba. Ga damina ta ƙarato. Shin gonar ta fita hannunmu ke nan?

Amsa: Je ka yi sharar gonarka. Turke kaɗai ba ya raba mutum da gona.

Amma kada in ruɗe ka, hukuma tana da ikon karɓa. Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta ɗora amanar ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Mu nan Arewa abin ba baƙo ba ne, tun 1910 Turawa suka shimfiɗa irin wannan tsari, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sahu. Abin da kuka gada, a idon doka, haƙƙin zama ne da noma. Sashe na 6 na dokar 1978 ya yarje wa ƙaramar hukuma ta shiga filin karkara don amfanin jama'a, kamar makaranta ko asibiti, muddin ba wanda ke da takardar mallaka daga gwamna ba ne. Idan aikin na tarayya ne, irin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da ya ratso ta Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, to gwamna ne ke soke haƙƙin, kuma sashe na 28 ya ce sai an miƙa wa mai wurin takardar sanarwa.

Saboda haka fara da gano su wane ne suka zo. Ka bi ta wurin mai unguwa da dagaci, ku je sashen filaye na sakatariya, ku nemi a nuna muku a rubuce. Ba duk mai igiyar awo ne ma'aikaci ba.

Sai batun diyya, inda yawancin manoma ke shan mamaki. Ba ƙasar ake biya ba, abin da ke kanta ake biya: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Mai gona fili fetal yakan tashi da abin da bai kai ya kawo ba, maƙwabcinsa mai mangwaro goma ya fi shi nesa. Don haka tun yau ka ƙirga kuka da ɗorawa da mangwaron da ke ciki, ka ɗauki hotonsu da waya tare da turakun, a gaban shaidu biyu. Akwai kuma haƙƙin da ba a cika faɗa wa mutanen ƙauye ba: sashe na 6 ɗin nan ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba manomi wata gonar a madadin wadda ta karɓa. In ta yi jan ƙafa wurin biyan diyya, gwamna na iya sa a ƙiyasta, ya umarce ta ta biya.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan kalma ta "nan gaba". Tanadin fili ba laifi ba ne. Garin da bai ajiye wurin makaranta da maƙabarta ba, wata rana sai ya rusa gidaje, kuma kowa ya ga rigimar da cinye burtali ta haifar. Amma a ɗaure wa talaka gona shekara da shekaru, ba biya, ba aiki, zalunci ne. In kuwa aka wayi gari an yanka wurin fuloti ana sayarwa, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke cewa karɓar fili da sunan jama'a a miƙa wa wani don amfanin kansa ba ta halatta ba.

Shuka gero da wakenka bana. Kada ka tumɓuke turakun, kada ka aza tubali, kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ba.