Hukuncin Duban Tauraruwa Mai Wutsiya

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya ƙawata sama da taurari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan tauraruwa mai wutsiya yake, da mutanen da ke raba dare suna nemanta da madubin hangen nesa. Jama'a da yawa sun gaji tsoronta daga kakanni, in ta fito sai a ce wani babban sarki zai rasu, ko yunwa tana tafe. Waɗansu kuwa duk mai duban sama a wurinsu ɗan duba ne. Duka biyu kuskure ne, na farkon ma yana iya taɓa imanin mutum.

Masana sun tabbatar da cewa curi ce ta ƙanƙara da ƙura mai kewaya rana. Idan ta kusato rana sai zafi ya tayar da tururi da ƙura daga jikinta, su miƙe can nesa, watau wutsiyar ke nan. Wadda ta fi shahara ita ce Halley, mai sunan Edmond Halley na Ingila. Cikin 1705 ya lissafa cewa wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce, takan komo bayan shekara kamar 76, ya ce a saurare ta a 1758. Ya rasu a 1742 bai ga cikar lissafinsa ba. Wanda ya fara hango ta, ran 25 ga Disamba 1758, wani manomi ne a Jamus, Johann Palitzsch, mai duban sama don sha'awa kawai.

Zuwanta na 1986 dusu-dusu ta yi, domin sa'ad da ta fi kusa da rana, ran 9 ga Fabrairu, rana tana tsakaninta da duniya. Mazauna birane da yawa ba su ga kome ba. Masu sha'awa kuwa sai suka bar fitilun gari, suka fita fili a dararen da babu farin wata, suka dakata kamar rabin sa'a har idonsu ya saba da duhu, sa'an nan suka ɗora madubi mai ido biyu, ko dogon nan mai ido ɗaya. Abin da suka gani ɗan fari ne kamar guntun auduga. Sukan zana matsayinsa tsakanin taurari, washegari su komo, in ya gusa sun tabbata ita ce. Bisa lissafi za ta sake zuwa a 2061.

To, mene ne hukuncin aikin nan? Malamai sun kasa ilmin taurari gida biyu. Na farko ilmin tafiyarsu, wanda da shi ake gane alƙibla da lokatai da hanya, kamar yadda manomi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta. Wannan halal ne, a cikinsa kuma mai madubi yake. Na biyu shi ne da'awar cewa taurari suna jawo abin da ke faruwa a ƙasa, ko suna ba da labarinsa. Wannan haramun ne, domin kutse ne cikin gaibu, wanda Allah kaɗai Ya san shi.

Hujja kuwa a fili take. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Annabi bai bar maganar ta wuce ba, ko da yake yana cikin baƙin ciki. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko haihuwarsa ba ta shafe su ba, ya umarce su da salla da addu'a. In haka yake ga rana da wata, ina ga curin ƙanƙara?

Tarihi ma ya shaida. A 837, zamanin Halifa Mu'utasim, tauraruwar nan ta Halley ta matso duniya ƙwarai, 'yan duba suka firgita jama'a da ita, suka kuma gargaɗi Halifa kada ya fita yaƙi da Rumawa. Bai saurare su ba, ya ci birnin Ammuriyya a 838, watau 223 bayan Hijira, har mawaƙi Abu Tammam ya yi musu ba'a cikin shahararriyar ƙasidarsa.

Lalle abin da ake iya lissafa komowarsa tun kafin a haifi masu ganinsa, bawa ne mai bin umarni, ba shi da ikon amfani ko cuta. Saboda haka wanda ya ɗauki madubi ya fita, ya duba da tunani da tasbihi, kada kuma raba dare ya sa shi makara sallar Asuba. Wanda tsoro ya kama shi kuwa, ya gyara zuciyarsa, kada ya gadar wa 'ya'yansa camfin da ya gada. Allah Shi ne Masani.