Darasi a kan Sulhun da ke Mayar da Haƙƙi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, kowa ya sani a ƙasar Bune da sauran yankin Gure, da zarar kaka ta yi dabbobi kan gangaro daga arewa tun gero bai shiga rumbu ba. A nan ake samun ɓarna, a nan kuma Shaiɗan kan sami ƙofa. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991.

Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ba mu labarin wata gona da tumaki suka ɓata da dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Sai ɗansa Annabi Sulaimanu ya ga a danƙa wa mai gona tumakin ya riƙa amfana da nononsu da gashinsu, mai tumaki kuwa ya shiga gonar ya yi ta aiki har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi nasa. Wanda aka cuta bai yi hasara ba, wanda ya yi ɓarna bai talauce ba, maƙwabtaka kuma ta tsira. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, abin da dabba ta ɓata da dare mai ita ne zai biya.

Daga nan muke fahimtar sharuɗɗa uku. Na farko, mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban wanda ya cuta. Na biyu, ya gyara abin da ya ɓata gwargwadon ƙimarsa. Na uku, afuwa ta fito daga zuciyar mai haƙƙi. Idan dattawa suka taru a kan talaka suna cewa ya yi haƙuri alhali ba a mayar masa da kome ba, wannan danniya ce, an rufe wuta da toka.

Dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun ba sarakuna ikon sasanta irin waɗannan rigingimu. Saboda haka mu garzaya ƙofar mai gari tun magana tana ƙarama.

Haka nan a makarantar allo da lakwal. Yaron da ya fasa allon ɗan'uwansa ko ya sace masa littafi, bulala kaɗai ba ta mayar da kome. A zaunar da su biyu gaban malam da iyaye, mai haƙƙi ya faɗi abin da ya same shi, mai laifi ya biya ko ya yi masa wata hidima, sa'an nan ya koma cikin 'yan'uwansa ba tare da gori ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sanya mu cikin masu gyara tsakanin mutane. Amin.