Falankin madaci mai zane: a gane shi kafin a sa masa zarto

Tambaya: Ni kafinta ne a Madobi. Iskar farkon damina ta kayar da wani tsohon madaci a gonar kawuna ta wajen Kura, aka kira masu inji suka tsaga shi. A cikin falankan akwai guda uku da suka fita daban. Jikinsu yana da layuka masu lanƙwasa, kuma da na sa filen sai su riƙa ɓantarewa. Abokan sana'a sun ce katakon banza ne, in yi benci da shi. Wani kuma ya taya su da tsada har na tsargu. Mene ne abin yi?

Amsa: Ɗana, kada ka yi benci da su, kada kuma ka yi gaggawar sallamawa. Wanda ya taya ya san abin da ya gani. Abin da ke sa filen ɗinka ɓantarar katakon shi ne ainihin abin da ya ba shi daraja, kuma shi ne zai gaya maka aikin da ya dace da shi.

Yawancin itatuwa jijiyarsu a miƙe take daga gindi zuwa sama. Madaci ba haka yake ba. Sai ya yi 'yan shekaru jijiyarsa tana murɗawa dama, sannan ta juya hagu, ta sake komowa. Idan aka tsaga gungumen daga ɓawo zuwa tsakiya, sai a ga ratsi-ratsi a tsaye, wani mai haske wani mai duhu. A wasu bishiyoyin kuma jijiyar takan yi tudu da kwari, sai layukan su gitta falankin a kwance. Wannan na biyun ya fi wuyar samu, kuma da alama shi ne a hannunka. Akwai na uku, wanda ake samu a gwafa, inda gangar jiki ta rabu gida biyu: zanensa yakan tashi sama ya baje hagu da dama. Masu inji sukan yar da gwafa domin tana wahalar da su, ta ƙare a murhu. Idan ta madacin kawunka tana nan a gona, je ka ɗauko ta yau.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kankare wuri kamar tafin hannu, ka shafa masa ruwa da tsumma, ka fita da shi rana da hantsi. Ka riƙa karkata falankin a hankali. Zane na gaskiya yana motsi: wurin da ke da duhu sai ya yi haske, mai hasken ya dushe, kamar shaddar da ta fito daga hannun mabugan Kura. Idan layukan sun tsaya cak ko ta ina ka duba, to launi ne kawai, ko tabon ruwa, ko shatin haƙoran inji. Ka kuma juya bayan falankin. Zanen da ya fito daga jijiya yana ratsawa har ɗaya gefen. Wannan gwajin zai yi maka amfani duk ranar da ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa, domin ana iya shafa wa farin katako irin malaina launi ya yi ja. Ka duba bakin falankin inda aka datse, ka ɗan yanka da wuƙa, sannan ka ɗaga ka ji nauyi. Madaci ja ne har ciki, kuma ya fi malaina nauyi nesa ba kusa ba.

Ba madaci kaɗai ke da zane a ƙasarmu ba. Darbejiya danginsa ce, kuma tsohuwarta takan ba da ja mai ratsi wanda mutane ke rainawa don tana ko'ina. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shiga Kadawa da Kura da Bunkure, lambuna suka yawaita, yanzu akwai tsofaffin mangwaro da ake sarewa idan sun daina 'ya'ya. Gungumen mangwaro da ya kwanta a wuri mai laima yakan yi baƙaƙen layuka sirara a ciki. Farkon ruɓa ne, kuma yana da kyau ƙwarai muddin ba ta yi nisa ba. Danna farcenka: idan ya shige, katakon ya wuce aiki. Zuciyar tsamiya baƙa-baƙa ce mai tauri, amma 'yar kaɗan ce a tsakiyar gungume. Ƙirya kuwa masassaƙa sun daɗe da saninta wajen turmi da taɓarya.

Madobiya daban take, kuma ina so ka yi hattara da ita. Zuciyarta ruwan zuma ce mai ratsin duhu, ɓawonta yana fitar da jan ƙaro. Kyanta ne ya jawo mata bala'i. A Taraba, inda 'yan kasuwa ke ce mata Madrid, an yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin domin kayan ɗaki masu tsada, har dazuzzuka suka yi fayau. Daga Janairun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa waje. Idan ka samu tsohon kyaure ko gungumen da ya faɗi da kansa, yi aiki da shi. Wanda ya kawo maka ɗanya sabuwar sara ba takardar ma'aikatan gandun daji, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Yanzu sai bushewa, kuma nan ne aka fi yin asara. Katako yana shan laima yana kumbura, yana fitarwa yana tsukewa, kuma a faɗi yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Mu nan tsakanin Agusta da tsakiyar hunturu bambancin laimar iska mai yawa ne. Katako miƙaƙƙe ma yana jin jiki, balle wanda jijiyarsa take a murɗe: kowane ɓangare yana ja ta nasa wajen, sai falanki ya karkace ko ya dare. Falankanka an yanka su da damina, don haka ɗanyu ne shakaf ko da sama ta yi kamar ta bushe. Ka shafe bakin kowanne da fentin mai ko narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita kuma ta nan tsagewa take farawa. Ka jera su a inuwa, a kan bulo, nesa da ƙasa saboda gara da damshi, musamman idan shagonka yana kusa da hanyar ruwa. Tsakanin falanki da falanki ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya, kowacce daidai saman ta ƙasanta, ka danne saman da abu mai nauyi. Idan iskar hunturu ta taso ka kare su da buhu ta gefen da take bugowa. Kana so ka san ko sun bushe? Ɗora ɗaya a sikelin masu shinkafa duk mako biyu, ka rubuta nauyin a jikinsa da alli. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ka shigar da su ɗaki su yi wata guda kafin ka taɓa. Farin gefen da ke kusa da ɓawo kuwa ka cire shi, shi ƙwaro ke fara ci ya bar maka gari.

Aikin da za ka zaɓa ya bi halin katakon. Jijiya mai lanƙwasa gajera ce, tana yankewa tana sake farawa, saboda haka ba ta ɗaukar nauyi. Kada ka yi ƙafar kujera da ita, ko gefen gado, ko ƙotar fartanya, ko wani siririn abu da za a jingina a kai. Ka sa ta inda ido zai sauka kuma nauyi ba zai hau ba. A Italiya, masu yin goge irin na Turawa tun zamanin gwaninsu Stradivari sukan sa katako mai irin wannan zane a bayan gogen, fuskar kuwa su yi ta da miƙaƙƙe.

Da ni ne da falanki uku, mafi faɗin zan yi allon kan gadon amarya da shi. Na biyu in tsaga kaurinsa biyu, in buɗe su gefe da gefe yadda zanen dama zai amsa na hagu, su zama ƙofofin kabad. Firam ɗin a yi shi da miƙaƙƙen madaci daga cikin sauran falankan, a fere masa kwari, allon mai zane ya zauna a ciki ba gam ba ƙusa, da ɗan sarari a kowane gefe. Da damina zai kumbura, da rani ya koma, ba tare da ya fashe ba. Na uku da guntayen da suka rage su tafi ga ƙananan kaya: akwatin turare, firam ɗin madubi, abin ɗora Alƙur'ani, faranti. Ƙananan kayan nan sukan fi benci goma riba idan aikin ya fita, kuma gwafar da na ce ka ɗauko nan ne wurinta.

Wajen gogewa, kada ka kai su babban inji, zai ɓantare zanen ya bar ramuka. Wasa bakin filen ɗinka sosai, ka rage shi ya riƙa ɗiban ɗan kaɗan, ka tura shi a karkace. Inda ya ƙi, kankare da gefen fasasshen gilashi kamar yadda magabata suke yi, sannan samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ƙurar madaci tana sa atishawa da ƙaiƙayi, ka rufe hanci. Kada ka sa launi ko banish mai duhu, zai binne abin da ka sha wahala a kai. Banish mai haske, shafi siriri sau biyu ko uku, ciki da waje domin ɓangarorin su sha laima daidai. Abin da za a zuba abinci a ciki kuwa man kaɗanya ya ishe shi.

Idan buƙata ta matsa har sai ka sayar, ka riƙe su sai sun bushe, ka goge fuska ɗaya ka jiƙa ta a gaban mai saye, sannan a yi ciniki falanki-falanki. Kuma kada ka manta da rabon kawunka, itacen nasa ne.