In injin mota ya buga

Motocin da ke kai zogale da tumatir daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi suna shan ƙura da zafi. In baƙin mai ya ƙare, ko ruwa ya tsiyaye, ƙarfe yana gugar ƙarfe har inji ya cije.

Yaya ake ganewa? Fitilu suna kamawa, amma in an murza makulli, inji ba ya motsi. Makaniki zai cire fulogai, ya gwada juya injin da hannu. In ya ƙi juyawa, ya buga.

Kada a tura motar don ta tashi, ɓarna za ta ƙaru. In gyara ya gagara, a sauke injin, a ɗora wani, a zuba sabon mai.

Wani inji tsada gare shi. Direba ya duba mai da ruwa kowace safiya.