DARASIN KWAMFUTA GA FATAKEN SHANU: YADDA AKE AJIYE LISSAFI KADA YA ƁATA



Kowa ya sani sana'ar nan tamu rabinta bashi ne. Shanu su taso daga Pouytenga ko Fada N'Gourma a Burkina Faso, su ƙetare iyaka a Paga, su sauka kasuwar Tulaku ta Ashaiman, mahauci ya ɗebi bijimai uku ya ce sai ya yanka ya sayar. To kuɗin nan na wani bawan Allah ne da ke can yana jira. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi. Rubutun da aka nema aka rasa kuwa bai raba gardama ba.

Da yawanmu a nan Ankara, babban birnin Gana, mun sayi kwamfuta ta tebur a Tip Toe Lane kusa da Circle, mun girke ta a ofis a Kokomlemle ko a gida a Nima da Maamobi, amma yaro kaɗai ya san inda lissafin yake. Ran da yaron ya yi tafiya, maigida sai ido. Saboda haka ga abubuwa biyar da ya kamata kowannenmu ya iya da hannunsa.

Na farko, kunnawa da kashewa. Akwatin nan shi ne kwamfutar, gilashin nuna maka kawai yake yi. Ɗan abin da ake ja a kan tebur shi ne linzami: danna hagu sau ɗaya zaɓe ne, sau biyu a jere buɗewa ne, danna dama kuma ya fito maka da jerin umurni. In ka gama, je ka Start ka zaɓi Shut down. Kada a zare waya daga bango, don yana iya lalata abin da ke buɗe. Wanda ya ga dumsor na 2015 ba sai an gaya masa amfanin ɗan akwatin batir da ake kira UPS ba. Yakan ba ka 'yan mintoci ka adana aikinka bayan an ɗauke wuta.

Na biyu, fayil da folda. Fayil takarda ce guda, folda kuwa jakar da ake zuba takardu. Shiga Documents, danna dama a fili, zaɓi New, sa'an nan Folder, ka sa mata suna SHANU 2025, ko shekarar da kake ciki. A cikinta ka yi huɗu: SAYE, SAYARWA, BASHI, TAKARDUN HANYA. Wannan ta ƙarshe ita ce mazaunin hoton takardar likitan dabbobi, da ta kwastan, da rasit ɗin tirela. A daina baza fayiloli a fuskar gilashi kamar shanun da ba makiyayi.

Na uku, suna. Yawancin abin da ake cewa ya ɓata yana nan, sunansa ne ba a sani ba. A fara da shekara, sai wata, sai rana, sai bayani, kamar haka: 2025-03-14 Paga shanu 36. In an bi wannan, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. A lura, Windows ba ta yarda da karkatacciyar sandar nan / a cikin sunan fayil, sai dai ɗan jan layi. Kana cikin rubutu kuma, riƙe Ctrl ka danna S a kai a kai, shi ne adanawa. In hannu ya goge wani abu, Ctrl da Z za su dawo da shi.

Na huɗu, abin da ke cikin fayil. A Excel, kowace dabba ko kowane ciniki layi guda: rana, mai shanu, mai saye, farashi, la'ada, abin da aka biya, saura. Lallai a rubuta irin kuɗin, sefa ne ko sidi, da yadda canji yake a ranar. Tun watan Yuli na 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har yanzu wasu bakinsu na kan tsohon lissafi, su ce miliyan ɗaya alhali sidi 100 suke nufi. A kwamfuta sabon kuɗi kawai za a rubuta.

Na biyar, kwafi, kuma shi ne babba. Kwamfuta ƙarfe ce, takan mutu, akan sace ta, ruwa yakan ci ta, mu da ke kusa da Odaw kuwa mun san ambaliyar 3 ga Yuni 2015. Duk ranar Juma'a a soka filash, a danna dama kan folda SHANU a zaɓi Copy, a shiga filash ɗin a zaɓi Paste, a tafi da shi gida. Filash da ke kwana jikin kwamfuta ba ajiya ba ce. Abin da aka goge daga kwamfuta yakan faɗa kwandon shara mai suna Recycle Bin, ana iya dawo da shi, amma wanda aka goge daga filash ba ya zuwa can. Kada kuma a riƙa soka shi a kowane shagon buga takardu, nan ake kwaso cuta. Folda BASHI kuwa, a buga ta a takarda ƙarshen kowane wata, mai bi da wanda ake bi su sa hannu.

Aikin wannan mako: kowa ya zauna da kansa, yaro na gefe ba ya taɓa linzami, ya yi foldojin nan huɗu, ya shigar da bashi guda, ya kashe kwamfuta, ya kunna, ya nemo shi. Wanda ya samo, ya iya.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ikon sauke amana. Amin.