Zaɓen Abin Hana Yoyo Ga Rufin Ɗakin Lambu

Kowace makaranta mai lambu tana bukatar ɗan ɗaki inda za a riƙa ajiye fartanya da garma da iri. Galibi a kan yi masa shimfiɗaɗɗen rufi irin na soro, domin ya fi arha. Amma fa in ya yi yoyo dare ɗaya cikin watan Agusta, irin da aka tanada domin baɗi ya jiƙe ya ruɓe, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Ku fara yin wannan lissafi. Rufi mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 10, in aka yi ruwa inci 1, abin da ya sauka bisansa ya kai galan 52, watau garwa 13. Babu shafen da zai jure wa ruwa irin wannan in ya kwanta. Saboda haka tun wajen gini a karkata rufin zuwa ga indararo, kamar inci 1 cikin kowace ƙafa 3, indararon kuwa ya zarce bango sosai, kada ya riƙa cin gindin ɗakin.

Sa'an nan a dubi abin da ke ƙarƙashi, gama shi ne ke zaɓen abin da za a ɗora masa. Ƙasar da aka daɓe bisa azara tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. Siminti ba ya bin ta cikin wannan motsi, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya yi ta cin ƙasa a ɓoye alhali sama tana nan sumul. Mutane da yawa suna ganin siminti shi ne ci gaba. A kan rufin ƙasa dai ba shi ne ba.

Abin da ya dace da ita shi ne laso, wanda maginan Kano da Zariya suka daɗe da saninsa. A kan samo katsi daga marina, a ƙone shi, a daka, a gauraya da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin shi ke riƙe shafen kada ya tsattsage, dafara kuwa ita ke ɗaure shi. Inda babu marina kusa sai a koma ga makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Ba ta kai laso ƙarko ba, lalle sai an riƙa sabunta ta.

In kuwa rufin na katako ne, kamar yadda a ke yi a Ingila, to, zancen ya sake. Nan takardar kwalta ta fi sauƙin kuɗi, sai dai zafin rana yana busar da ita ta kakkarye, don haka a kan shimfiɗa ta ninki biyu ko uku, a barbaɗa tsakuwa bisa. Akwai kuma shimfiɗar roba mai suna EPDM, wadda a ke yankowa falle ɗaya daidai girman rufin. Tana da tsada, amma ba ta da mahaɗa a tsakiya, mahaɗa kuwa nan ne yoyo ya kan fara.

Ko wanne aka zaɓa, a naɗe shi ya hau jikin rawanin bango kamar inci 6. Cikin watan Afrilu kuma a sa ɗalibi guda, mara nauyi, ya hau ba takalmi, ya share ganye daga bakin indararo, ya cike duk tsagar da ya gani.