Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar da ke aiko da labari daga nesa

Wani mai sauraronmu daga Filinge, ƙasar Kurfai, yana tambaya: yaya ƴar ƙaramar na'ura ke aiko da labari daga ƙauyen da babu lantarki?

To malam, asirin yana ga barci. Na'urar kan wuni a kashe, sai ta farka na ɗan ƙiftawar ido, ta auna zafi ko motsi ko tsayin ruwa, ta tura ƴan lambobi ta layin salula ko rediyo, ta koma barci. Shi ya sa batirinta kan yi shekaru, balle in an haɗa mata faranti mai ɗibar hasken rana.

A nan jiharku ta Tillaberi, akwai irinta a kogin Sirba, a Garbey Kourou, tana auna ruwa don a yi gargaɗin ambaliya. A wasu wurare kuma ana manna irinta jikin gada ta lura da tsagewa.

Amma inda muka fi ganin amfaninta shi ne firjin allurar rigakafi. Yawancin alluran suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga zafin bazarar Kurfai kuwa ka fi mu saninsa. Da firji ya fara ɗumi, saƙo zai isa wayar ma'aikacin lafiya.

In ka kai yara rigakafi, malam, ka tambaya ko firjinsu yana da ita.